Gargaɗi ko Talla? Nazarin Tsofaffin Finafinan Tabar Wiwi na Amurka

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabi ya san cewa idan aka ba shi waƙa ko wasan kwaikwayo ko fim aka ce ya fito da jigo, amsar da ta fi saurin zuwa bakin alƙalami ita ce gargaɗi ko faɗakarwa. Sau da yawa ma marubucin ne da kansa yake furta hakan tun a shafin farko, mu kuma mu kwafe mu miƙa wa malam. Wannan maƙala za ta duba wasu finafinai da aka yi a Amurka tsakanin 1936 da 1949, waɗanda kowannensu ya buɗe da ikirarin cewa gargaɗi ya zo yi game da tabar wiwi, domin a ga ko furucin jigo kaɗai ya isa hujja. An zaɓe su ne saboda tarihinsu a fili yake. An san waɗanda suka shirya su, an san waɗanda suka yi yawo da su gari-gari, an kuma san yadda masu kallo suka karɓe su a zamani daban-daban. Wanda za a fi tsayawa a kansa shi ne Reefer Madness, wato Haukar Wiwi, domin reefer suna ne da 'yan titi a Amurka suke kiran naɗin wiwi da shi.

Yanayin da aka yi finafinan

Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da giya a duk faɗin ƙasar. Dokar ba ta ci nasara ba, aka soke ta. Kafin a soke ta, a 1930, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ɗora Harry Anslinger a kanta, mutumin da ya yi aiki a hukumar hana giya, wanda kuma ya riƙe wannan sabuwar kujera har shekara 32, wato zuwa 1962. A lokacin ƙasar tana cikin matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929, aiki ya yi wuya, kuma a jihohin kudu maso yamma ana hararar baƙin da suka ƙaura daga Meziko tun bayan juyin juya halin 1910. Waɗannan baƙi, da baƙaƙen fata mawaƙan jaz na birane irin su Niyu Olins, su ne jaridu suka fi dangantawa da shan wiwi.

Suna linzami

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya fara buɗe ido. Tsiron da ake magana a kansa ba baƙo ba ne a Amurka. Manoma sun daɗe suna noma shi domin igiya da tufafi, kamar yadda ake noma rama a wurinmu, kuma sunansa a wajensu hemp. Likitoci su ma sun san shi da sunan cannabis, yana cikin kundin magungunan ƙasar tun 1850, ana sayar da ruwansa a kwalba a kantin magani. Amma jaridu da jami'an gwamnati ba su ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye biyu ba. Sun ɗauki na uku, marihuana, kalmar da ta zo daga bakin mutanen Meziko, wadda Ba'amurke na gari bai taɓa gani a kwalbar magani ba. Da jin ta sai ya ɗauka wata sabuwar annoba ce ta tsallako iyaka.

Ba sai mun yi hasashe ba game da tasirin wannan zaɓi. A 1937, da majalisar wakilai ta zauna sauraron ra'ayoyi kan dokar harajin wiwi, wakilin Ƙungiyar Likitocin Amurka, Dokta William Woodward, ya koka cewa an rubuta dokar da sunan da likitoci ba sa amfani da shi, har ta kai da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su gane cewa maganin da ke kan kantarsu ake nufi ba. Ya kuma ce hujjojin da aka kawo wa majalisa yawancinsu labaran jarida ne. 'Yan majalisa suka yi masa ca, dokar ta wuce, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a watan Agusta, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1937. A takarda dokar haraji ce kawai, domin gwamnatin tarayya tana shakkar ko tsarin mulki ya ba ta ikon haramtawa kai tsaye. Sai dai harajin dala 100 ne a kan kowace oza idan aka sayar wa wanda bai yi rajista ba, wanda hakan da haramci duk ɗaya ne. A 1942 aka cire cannabis daga kundin magunguna.

Wannan ɗabi'a ta jingina abu ga baƙo ta hanyar suna ba ta Amurka kaɗai ba ce. Dokar soja da Nijeriya ta kafa a 1966 ta kira shi Indian hemp, wato ramar Indiya, alhali a gonakin ƙasar nan ake noma shi.

Adalci ya sa a ƙara wani abu. Ana yawan cewa Anslinger da jaridun Amurka ne suka ƙirƙiro zancen cewa wiwi yana haukatarwa yana sa kisa. Masanin tarihi Isaac Campos ya nuna a littafinsa na 2012 cewa wannan imani ya daɗe a Meziko kanta tun ƙarni na 19, a jaridunta da bakin jama'arta, kuma Meziko ta haramta wiwi tun 1920, shekara 17 kafin dokar tarayyar Amurka. Ke nan suna da labarin tare suka tsallako iyaka. Abin da Amurkawa suka yi shi ne suka ƙara musu gishiri, suka juya su kan mutanen da suka kawo su.

Akwai wata kalma kuma. A watan Yuli na 1937 Anslinger da wani marubuci, Courtney Ryley Cooper, suka buga maƙala a mujallar The American Magazine mai taken Marijuana, Assassin of Youth, wato wiwi makashin matasa. Ba a banza aka zaɓi kalmar assassin ba. Asalinta daga Larabci ne, daga sunan da aka laƙaba wa wani ɓangare na Isma'iliyawa a Sham da Farisa a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, sunan da ke da tushe ɗaya da hashish. Daga nan sai masu farfaganda suka ce ga hujja, ai tun shekara ɗari takwas da suka wuce wannan ganye yake sa mutane kisa, sunan ma ya nuna. Masu nazarin tarihin Isma'iliyawa, irin su Farhad Daftary, suna ganin sunan zagi ne da abokan gaba suka yi musu, kamar a ce da mutum ɗan iska ko ɗan tasha, sannan Turawa matafiya suka gina tatsuniya a kansa. Darasin ilimin asalin kalmomi a nan shi ne, tushen kalma yana gaya mana abin da masu laƙaba sunan suke tunani. Ba ya gaya mana abin da ganye yake yi a ƙwaƙwalwa.

Ɓarayi arba'in

Kafin 1934 manyan kamfanonin Holiwud sukan taɓa zancen wiwi don nishaɗi. A fim ɗin International House na 1933, mawaƙi Cab Calloway ya rera waƙa a kan mai shan wiwi, 'yan kallo suka yi dariya suka wuce. Amma daga tsakiyar 1934 kamfanonin suka fara aiki tuƙuru da ƙa'idojin tace finafinai da suka rubuta wa kansu tun 1930, waɗanda aka fi sani da sunan Will Hays, aka kuma ɗora Joseph Breen ya tsare ƙofa. Ƙa'idojin sun hana tsiraici, sun hana nuna fataucin miyagun ƙwayoyi, sun hana zancen cututtukan sanyi da makamantansu. Da yake manyan kamfanonin su ne ke da manyan gidajen silima, fim ɗin da bai sami hatimi ba ba shi da wurin shiga.

To, abin da babba ya bari ƙarami ya samu. Wasu 'yan kasuwa masu zaman kansu, waɗanda da yawansu daga harkar wasannin dandali da baje kolin abubuwan al'ajabi suka fito, suka ga cewa duk abin da aka hana Holiwud ya zama hajarsu. Ana yi musu laƙabi da ɓarayi arba'in, irin na Ali Baba. Sukan haɗa fim cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, su zuba faifan a bayan mota, su shiga gari su kama hayar ƙaramin gidan silima, su lulluɓe bango da hotuna masu ɗaukar ido, su rubuta cewa manya kaɗai za su shiga, su kwashi kuɗi su ƙara gaba kafin hukuma ta farga. Masani Eric Schaefer, wanda ya rubuta tarihinsu a 1999, ya ɗauki zamaninsu daga 1919 zuwa 1959. A Turance ana kiran sana'ar da kalmar da ke nufin ci da gumin wani abu, wato a kama batun da jama'a ke tsoro ko kunya a mai da shi kuɗi. A nan za mu kira su finafinan ci-da-tsoro.

Matsalarsu ɗaya ce. Jihohi irin su Niyu Yok da Ohayo da Fensilbaniya suna da hukumomin tace finafinai nasu, kuma tun 1915 Kotun Ƙoli ta yanke cewa fim kasuwanci ne, ba ya cikin maganar da tsarin mulki ya ba 'yanci, hukuncin da bai sauya ba sai 1952. Ga 'yan sanda, ga limaman coci. Mafitar da suka samu ita ce mabuɗi. Kowane fim zai fara da dogon rubutu mai hawa a hankali a kan allo, yana cewa masu shirya wannan fim ba don kuɗi suka yi ba, baƙin ciki ne ya sa su, jahilci ne ke halaka yara, shiru kuma laifi ne. Da wannan rubutu sai mai gidan silima ya sami abin faɗa wa ɗan sanda, ɗan kallo kuma ya sami abin faɗa wa matarsa ko zuciyarsa: ilimi na je nema. Wasunsu har nau'i biyu na fim suke ɗauke da shi, mai sanyi domin garin da hukuma ke da ido, mai zafi domin garin da babu.

Kroger Babb ya kai wannan dabara ƙarshe da fim ɗinsa na 1945, Mom and Dad, wanda ya shafi ciki kafin aure. A tsakiyar fim sai a tsaya, wani da ake kira Elliot Forbes, wai masanin kiwon lafiya, ya hau dandamali ya yi lacca, sannan a sayar da 'yan littattafai. A dare ɗaya akan sami Elliot Forbes da yawa a garuruwa daban-daban, domin 'yan wasa ne aka ɗauka haya aka ba su suna ɗaya.

Dwain Esper da matarsa Hildagarde Stadie, wadda ke rubuta masa labari, su ne suka yi Marihuana a 1936. Labarin wata budurwa ce, Burma, da ta sha wiwi a wajen wata liyafa a bakin teku, inda 'yan mata suka tuɓe suka shiga ruwa har ɗaya ta nutse. Burma ta yi ciki, saurayinta ya mutu wajen fasa-ƙwaurin ƙwaya, ta ba da jaririyar, ta zama dillaliya, daga baya ta sace 'yar riƙon 'yar'uwarta don neman fansa, ashe 'yar cikinta ce. Mai nazari ya tambayi kansa: a cikin duk wannan, wane ɓangare ne ya sa mutum ya biya kuɗin ƙofa a 1936? Kyamara ta ba da amsa, domin ta fi daɗewa a bakin tekun nan fiye da inda ya kamata.

Zubin Reefer Madness da salonsa

Akasarin littattafai suna ba wa wannan fim shekarar 1936. Louis Gasnier, Bafaranshe, shi ya ba da umarni, George Hirliman ya shirya, sunansa na farko kuma Tell Your Children, wato Ku Gaya wa 'Ya'yanku. Ba gwamnati ce ta yi shi ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka. Esper ne ya saye shi ya sake yanka shi ya shiga yawo da shi daga ƙarshen shekarun 1930, kuma ya riƙa sauya masa suna daga yanki zuwa yanki: a wani wuri The Burning Question, a wani Doped Youth, a wani Love Madness, a wani Reefer Madness. A lura da tafiyar sunayen. Na farko umarni ne ga iyaye, yana da fi'ili, yana neman a yi wani abu. Na ƙarshe ba ya neman komai daga kowa, alkawari ne kawai cewa za a ga hauka.

Zubin fim ɗin labari ne cikin labari. Bayan mabuɗi, sai a ga shugaban wata makarantar sakandare, Dokta Carroll, yana jawabi ga taron iyaye da malamai, sannan ya ce bari ya ba su labarin abin da ya faru a garin nan. Mae da Jack, waɗanda ke zaune tare ba aure, suna sayar da wiwi a gidansu, Ralph da Blanche kuma suna janyo musu 'yan makaranta. Jimmy ya sha, ya tuƙa mota a guje ya banke wani mai tafiya a ƙasa. Bill, yaron kirki mai ƙoƙari a aji, ya sha, ya faɗa hannun Blanche. Mary, budurwar Bill kuma 'yar'uwar Jimmy, ta zo neman ɗan'uwanta, Ralph ya ba ta naɗi tana zaton sigari ce, ya nemi ya ci mutuncinta, Bill ya fito ya kama shi da kokawa, Jack ya shiga da bindiga, harsashi ya tashi ya kashe Mary. Jack ya sa bindigar a hannun Bill da ke sume, kotu ta kama Bill da laifin kisa. Ralph ya haukace ya kashe Jack da duka. Blanche ta faɗi gaskiya aka saki Bill, ita kuma ta faɗo ta taga ta mutu. Aka tura Ralph gidan mahaukata har ƙarshen ransa. Duk wannan cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci.

Babban salon fim ɗin shi ne kambamar zulaƙe. Zuƙa ɗaya ta isa mutum ya fashe da dariyar da ba ta tsayawa, idanu su zazzaro, jiki ya kama rawa. Fitowar da ta fi shahara ita ce inda Blanche ke kaɗa fiyano, Ralph na zuƙar hayaƙi yana ta matsa mata ta ƙara sauri, ta ƙara sauri. Kiɗan a nan alamtarwa ne. A gidan iyayen Mary ana karanta Shakespeare ana shan koko, a gidan Mae ana kiɗan jaz. Wani abin lura kuma, duk da cewa jaridun lokacin cike suke da zargin mutanen Meziko da baƙaƙen fata, manyan taurarin fim ɗin duk farare ne, masu sayarwar ma sanye da kwat. Baƙon yana nan, amma a cikin sunan ganyen da sautin kiɗan aka ɓoye shi. Wanda ake jin tsoro a kansa shi ne ɗan farar fata na gidan rufin asiri.

Marufin fim ɗin ya komo wurin Dokta Carroll, inda ya nuna iyayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana cewa masifa ta gaba tana iya zama ta 'yarka ko ta ɗanka, sannan ya juyo da yatsan ya nuna kyamara, wato ɗan kallo. Ta fuskar nahawu, sauya wakilin suna ne daga mutum na uku zuwa mutum na biyu, dabarar da duk mai wa'azi ya sani. Ita ce kuma daga baya ta fi ba mutane dariya.

Gatarin Tampa

A wata fitowa wani jami'in gwamnati yana karanta wa Dokta Carroll misalai daga fayil, ciki har da wani yaro da ya kashe danginsa da gatari. Wannan ba ƙirƙira ba ce. A watan Oktoba na 1933, a garin Tampa na jihar Fulorida, wani saurayi mai shekara 21, Victor Licata, ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa maza biyu da mace ɗaya da gatari. Jaridu suka ce wiwi ne, Anslinger ya riƙa maimaita labarin a rubuce da kuma gaban majalisa. Abin da ba a maimaita ba shi ne, shekara guda kafin kisan 'yan sanda sun nemi a kai shi asibitin masu taɓin hankali iyayensa suka hana, akwai masu irin wannan ciwo a danginsa, kuma likitocin da suka duba shi bayan kisan ciwon hauka suka rubuta. Ba a yi ƙarya cewa an yi kisa ba. An dai yanke rabin labarin, sauran rabin kuma aka yi ta yawo da shi shekara da shekaru har ya zama kamar abin da ke faruwa kullum.

Magajin garin Niyu Yok, Fiorello La Guardia, bai gamsu ba, ya sa cibiyar likitocin birnin ta yi bincike. Rahoton da ya fito a 1944 ya ce wiwi ba shi ne ke haddasa manyan laifuka ba, ba ya kai mutum ga hodar iblis ko mofin ko hiroyin, kuma kururuwar da ake yi game da ɓarnarsa a birnin ba ta da tushe. Anslinger ya yi tir da rahoton. Sai dai bayan 'yan shekaru shi da kansa ya sauya waƙa. A 1937 ya gaya wa majalisa cewa mai shan wiwi ba ya ƙarasawa ga hiroyin. A 1951, da ake shirya dokar Boggs wadda ta kafa mafi ƙarancin ɗaurin shekara biyu, sai ya ce da wiwi yawancinsu suke farawa. Zancen hauka da gatari ya tsufa, aka kawo zancen tsani.

A tsakanin nan ne aka yi fim na ƙarshe da za a ambata. A 1948 'yan sanda a Los Anjalis suka kama tauraro Robert Mitchum da wata matashiyar 'yar wasa, Lila Leeds, da wiwi, aka yanke wa kowannensu kwana 60. Mitchum ya fito ya ci gaba da haskawa. Leeds kuwa Holiwud ta rufe mata ƙofa, aikin da ta samu shi ne fim ɗin 1949 da aka fara kira Wild Weed, wanda Babb ya karɓa ya sauya wa suna zuwa She Shoulda Said No!, wato Da Ma Ta Ce A'a. Sunan bai ambaci ganye ba, kuma kowa ya san inda aka so tunanin ɗan kallo ya tafi. Aka riƙa yawo da ita tana tsayawa gaban jama'a tana ba da labarin faɗuwarta.

Dodon jama'a

Masana zamantakewa suna da suna ga irin wannan yanayi, wanda za mu iya kira firgicin tarbiyya. Stanley Cohen ne ya yaɗa kalmar a littafinsa na 1972, inda ya nazarci yadda jaridun Ingila suka mai da rigimar wasu gungun samari a garuruwan bakin teku a 1964 ta zama kamar tashin duniya. A bayaninsa, jama'a sukan ware wani mutum ko gungu su mai da shi dodo, jaridu su zana shi da siffa ɗaya, manya da masana su fito su yi shela, a tsananta doka, sannan abin ya lafa ko ya sauya kama. Tun kafin shi, a 1963, Howard Becker ya yi amfani da dokar wiwi ta 1937 a matsayin misali na yadda wasu ke ɗaukar kafa doka kan tarbiyya a matsayin sana'a.

Kalmar tana da amfani, amma ɗalibai sukan yi mata hawan ƙawara. Cewa an yi firgici ba yana nufin babu matsala ba ne. Abin da ake aunawa shi ne rashin daidaito tsakanin girman abin da girman ihun, da kuma wanda ihun ya faɗa kansa. Dodon tatsuniya ma ai iyaye suna kiransa ne don hana yaro zuwa bakin rijiya, kuma rijiyar gaskiya ce. Illar tana zuwa ranar da yaro ya leƙa bai ga Dodo ba.

Reshe ya juye da mujiya

Ranar ta zo wa Amurka a shekarun 1960, lokacin da wiwi ya shiga jami'o'i, ɗimbin 'ya'yan farare suka sha, ba su ga kowa ya ɗauki gatari ba. A 1969 Kotun Ƙoli ta rushe dokar 1937 a shari'ar Timothy Leary, bisa hujjar cewa tilasta wa mutum yin rajista tilasta masa ba da shaida ne a kan kansa. Majalisa ta maye gurbinta da sabuwar doka a 1970. A farkon shekarun 1970 Keith Stroup, wanda ya kafa ƙungiyar NORML mai neman a sassauta dokokin wiwi, ya gano Reefer Madness a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ya sayi kwafi a kan dala 297, ya fara nuna shi domin tara kuɗin yaƙin neman ƙuri'ar halatta wiwi a Kalifoniya a 1972. Ƙuri'ar ta faɗi, fim ɗin ya tashi. Da yake babu mai haƙƙin mallakarsa a doka, wani ƙaramin kamfani, New Line Cinema na Robert Shaye, ya riƙa rarraba shi a jami'o'i da gidajen silima masu nunin tsakar dare. Kamfanin nan ne, bayan shekara talatin, ya fitar da finafinan The Lord of the Rings.

Ba a sauya ko jimla ɗaya a fim ɗin ba. Dokta Carroll yana nan da yatsansa, Ralph yana nan da zazzare ido, amma yanzu zauren cike yake da ɗalibai suna dariya har da hawaye, wasunsu da naɗi a hannu. Matanin da a 1936 aka rubuta da siffar wa'azi, a 1940 aka sayar da shi a matsayin abin kallo na manya, a 1972 ya zama barkwanci kuma makamin waɗanda aka yi shi domin yaƙarsu. Idan malam ya tambayi jigonsa, wace shekara za a ba shi? Mai nazarin da ya tsaya ga mabuɗi kawai zai rubuta gargaɗi ya ci rabin maki. Sauran rabin yana cikin hoton talla da ke bango, da sunan da aka ba fim ɗin a wannan gari, da wanda ke karɓar kuɗi a ƙofa, da wanda ke zaune a kujera.

Dariyar 1972 ita ma ba ta faɗi gaskiya duka ba. Sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance sinadarin da ke sa maye a wiwi, wato masu finafinan 1930 suna magana ne a kan abin da kimiyya ba ta gama ganewa ba. Babban rahoton cibiyoyin kimiyya na Amurka na 2017 ya sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa akwai alaƙa tsakanin shan wiwi da kamuwa da taɓin hankali, musamman ga masu yawan sha, da kuma ƙarin haɗarin mota ga wanda ya sha ya tuƙa. Wato motar Jimmy tana da ƙamshin gaskiya, haukar Ralph ma tana da ɗan tushe, ko da yake ba daga zuƙa ɗaya ba kuma ba ga kowa ba. Ni a ganina babbar ɓarnar waɗannan finafinai ita ce sun sa wannan magana ta yi wuyar faɗa. Shekaru da dama duk likitan da ya ambaci hauka a Amurka sai a ce da shi ga Dokta Carroll ya dawo.

Wanda ya biya kuɗin kambamar kuma ba Esper ba ne. Kwanaki kaɗan bayan dokar ta fara aiki a Oktoban 1937, aka kama wani lebura mai suna Samuel Caldwell a birnin Denba na jihar Kolarado yana sayar da wiwi, aka ɗaure shi shekara huɗu. A 2012 jihar Kolarado ɗin nan, tare da jihar Washintan, su ne na farko da suka halatta wa manya shan wiwi ta hanyar ƙuri'ar jama'a.

Fim ɗin yana nan kyauta a intanet ga mai son gwada hannunsa. Akwai ma nau'in da aka yi wa launi a 2004, inda aka ba hayaƙin kowane mashayi kalarsa. Wanda zai kalla ya fara da na baƙi da fari, ya tsayar da shi a mabuɗi, ya fassara rubutun zuwa Hausa sau biyu: sau ɗaya da bakin mai wa'azi, sau ɗaya da bakin mai tallar magani a tasha. Sannan ya ƙirga kalmomi nawa ne ya zama dole ya sauya tsakanin fassarorin biyu.